Obin mai tururi zai iya dafa nama a leda, kuma ya riƙe tuwo da zafi har isha'i?

Maman Ikram, Fadaman Mada, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin girki da masu ilimin kayan wuta ku zo ku fitar da ni daga duhu. Yayana da ke zaune a Jamus ya aiko min da obin mai tururi, irin wanda ake zuba wa ruwa a wani ɗan tanki ta gefe, ba sabo fil ba ne amma tsaf yake. Ni kuma ina ɗan taɓa sana'ar abinci daga gida, odar suna da walima da kamu, wani lokacin abincin ofis, in azumi ya kama kuma kayan shan ruwa. Kek da burodi kam na gane kansu a ciki, amma akwai wurare biyu a allon da har yanzu kallo kawai nake musu.

Na farko an rubuta Sous-vide, subid dai nake ji masu bidiyo suna cewa, in ka taɓa sai ya ba ka zaɓi daga digiri 50 zuwa 95. Su kuma a bidiyon cikin tukunyar ruwa suke tsoma naman a leda, da wani inji dogo maƙale a bakin tukunyar, toh shi ne nake tambaya wai da gaske obin ɗin zai yi aikin wancan injin ko sai na sake kashe kuɗi? Kuma nama a digiri 60 kam yana ma dahuwa tunda ko tafasa ruwan bai yi ba?

Na biyu shi ne na ajiye abinci da ɗumi, gaskiya shi ya fi damuna. Masu oda za su ce ƙarfe biyu za a zo ɗauka, sai bayan la'asar ka ga ɗan aike wani lokacin har magariba, kafin nan shinkafa ta huce a kula, miya ta yi kitse a sama, tuwo ya yi tauri ta gefe. Zan iya juye su a ciki tun azahar su kai isha'i ba tare da sun lalace ko sun ɓata wa mutane ciki ba? Masa fa? don kun san mu a Bauchi ba a taro ba masa.

Sai maganar wuta, ba sai na faɗa ba kun san halin da ake ciki, in an ɗauke ana tsakiyar dahuwa ya ake yi da naman. Na gode Allah ya bar zumunci.

Shef Baban Amira, Tumfure, Gombe:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, yayan nan naki Allah ya saka masa don ba ƙaramin kaya ya aiko miki ba. Na yi aiki da manyan irinsa a kicin ɗin otal a Abuja kafin na dawo gida.

Eh zai yi, ba sai kin sayi wancan injin ba. Shi subid ba ruwan ake nema ba, zafi ake nema da zai tsaya cak a lamba ɗaya na tsawon lokaci, ko ruwa ne ya kawo shi ko tururi. Ki ɗauke shi kamar madambaci ne da ke jin magana, namu na gida zafinsa ɗaya ne tal na tafasasshen ruwa, wannan kuwa in kika ce masa tsaya a 64 zai tsaya. Tururin yana sauka a jikin ledar ya zama raɓa, a nan yake sakin zafinsa, shi ya sa dole tururin ya zama ɗari bisa ɗari, in kika haɗa da busasshen zafi na gashi toh lissafin ya ruguje. Inda mai tukunyar ruwa ya fi ki kawai shi ne ruwa ba ya wasa da lamba, obin kuwa yakan ɗan hau ya sauka da digiri ɗaya ko biyu, kuma a ƙananan lambobi irin su 55 tururin ba shi da yawa, sai ya fi ruwa jinkirin kai zafi tsakiyar nama, don haka ni nakan ƙara lokaci kaɗan a kan abin da suka rubuta. Inda ke kuma kika fi shi shi ne yawa, ke mai oda ce, tire uku na kaza za ki jera lokaci ɗaya, wace tukunya ce za ta ɗauki wannan.

Maganar ko yana dahuwa a 60, yana dahuwa wallahi. Nama ba ya jiran tafasa, tun daga wajen 50 yake fara sauyawa, in ya haura 65 zuwa 70 sai ya fara takurewa yana matso ruwan jikinsa waje, shi ya sa ƙirjin kazar gidan gona in aka tafasa aka soya sai an kora da ruwa kafin ya wuce. Asalin abin ma don hana wannan asara aka fito da shi. A 1974 wani mai dafa abinci a Faransa, Georges Pralus, ya fara yi wa gidan abincin Troisgros da ke garin Roanne, saboda wata hanta mai kitse ta agwagwa da dinya da suke sayarwa da tsada tana narkewa wurin dahuwa ta ƙare a banza, da ya naɗe ta a leda ya dafa da ƙaramin zafi sai asarar ta ragu sosai. Mu ma lissafin ɗaya ne, kilon naman da kika sayo a kasuwar Muda Lawal ya fi auki in bai tsiyaye a tukunya ba.

Lambobin da nake aiki da su, ƙirjin kazar gidan gona 64 awa ɗaya da rabi zuwa biyu, cinyoyi 74 awa uku zuwa huɗu don su suna da jijiya. Kazar Hausa da zabo kam sai haƙuri, ki kai su 80 ki bar su awa shida ko fiye. Naman gadon baya na sa wanda mahauta ke ce wa fileti, Turawa a 55 suke cinsa jajir, namu mutanen ba za su karɓa ba ki kai shi 65. Kifi ba ya son daɗewa, karfasa ko tarwaɗa irin na dam ɗin Dadin Kowa in an yanka gunduwa 63 minti 40 ya isa. Karas da dankali sai 85, ƙasa da haka ko wuni suka yi ba za su yi laushin kirki ba. Kuma kauri ake dubawa ba nauyi ba, yanka mai kaurin santimita biyu da rabi sai ya haura awa ɗaya kafin zafi ya ratsa tsakiyarsa, in kaurin ya ninka lokacin kusan sau huɗu yake ninkawa ba sau biyu ba, shi ya sa ba a cusa kaza sukutum a leda, a yanka a shimfiɗa.

Leda dan Allah ban da farar ledar kasuwa da ake ƙulla alale, ba don zafi aka yi ta ba kuma ba ki san da me aka haɗa ta ba. Ki nemi ta abinci mai kauri, ta injin zuƙe iska in kina da shi, in babu mai zif ta firiza ta wadatar matuƙar ba ki wuce 70 ba. Ki sa naman, ki tsoma ledar a hankali cikin roba cike da ruwa bakin yana sama, ruwan da kansa zai koro iskar sai ki ja zif ɗin. Iskar da ta rage tana tare zafi ne, gefen da take ba zai dahu daidai ba. Ki jera su a tire mai huji-huji kar wata ta hau kan wata, kuma a daina buɗe ƙofa ana leƙe. Kayan ƙamshi ki rage hannu, a cikin leda ba inda za su gudu, kanumfari biyu ko 'yar kimba sai su mamaye komai, ɗanyar tafarnuwa kuma wani ɗanɗano take bayarwa mara daɗi, gara ta gari.

In kin fito da shi za ki gan shi fari fat ba sha'awa, kar ki tsorata, tururi ba ya gasa abu. Ki tsane shi ya bushe sosai, ki shafa mai da yajin ƙuli, ki ɗora kan garwashi mai ƙarfi minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe shi kenan. Ranar biki gashin ya zama na mintuna, kuma ba ki da fargabar waje ya ƙone ciki bai dahu ba.

Hajiya Goggo, Jahun:

Ikon Allah, yanzu har dafa nama sai an yi masa lissafin digiri. Maman Ikram 'yata ni kam ban ce ki ƙi abin zamani ba amma da tsohuwar zuma ake magani. Mun yi girkin biki na ɗaruruwan mutane a murhu ba obin ba komai. Kula a fara ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, a jera tuwo tun yana tururi, a cika ta taf kar a bar fili, a shimfiɗa tsumma mai tsabta kafin murfi, wallahi har dare za ki buɗe yana ƙona hannu. Kula tana hucewa ne in an zuba rabi ko yara na ta buɗe-buɗe. Miya kuma a bar ta a tukunyarta kan garwashin da aka lulluɓe da toka.

Shi kuma naman ledan nan, ɗan wajena ya taɓa kai ni wani gidan abinci a Abuja aka kawo nama, ina yankawa sai ga jan ruwa yana bin faranti, na ture ban iya ci ba, ni a ganina jini ne. Ki kula, in kika kai wa mutanen Bauchi nama da ja a ciki ranar suna toh sunanki ne zai zaga gari ba na jaririn ba.

Anty Malama, Yelwa:

Goggo ina gaisuwa, dabarar ɗauraye kula da ruwan zafi da cika ta taf ba wanda zai ja da ita, mu da muka karanta kimiyyar abinci ma haka aka koya mana. Jan ruwan nan dai ba jini ba ne, mafi yawan jini ya fita tun wurin yanka, ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mayogulobin da ke ba nama launin ja, sai zafi ya kai wajen 70 yake komawa ruwan ƙasa. Amma na yarda da ke, mai oda ba zai tsaya jin wannan bayani ba.

Maman Ikram tambayarki ta biyu ita ce mai haɗarin, ki karanta a natse. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙa'idarta a fili take, dafaffen abinci ko ya zauna sama da digiri 60 ko ƙasa da 5, kuma kar ya wuce awa biyu a ajiye haka kawai a ɗaki, don tsakanin 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A Amurka cewa suka yi in zafin gari ya wuce 32 awa ɗaya ce kacal, toh ki tuna Bauchi a Maris da Afrilu muna kaiwa 38 zuwa 40, ga azumin 2024 da na 2025 duk a watan Maris suka kama. A Ingila masu sayar da abinci 63 doka ta ɗora musu. Kuma lambar nan ta tsakiyar abincin ce ba ta allon obin ba, don haka ki sa shi a 75 ko 80 da tururi, ki sayi ɗan ma'aunin zafi mai tsinke na kicin ba shi da tsada, ki riƙa soka shi a malmalar tuwo mafi girma da tsakiyar tiren shinkafa, in kin ga 63 zuwa sama hankalinki kwance.

Shinkafa ce ke yin ɓarna a laƙa wa wani. Akwai wata ƙwayar cuta Bacillus cereus, tun daga gona take zuwa a jikin ɗanyar shinkafa, tana da wani iri mai tauri da tafasa ba ta kashe shi. In shinkafa ta dahu ta huce ta zauna a ɗumi-ɗumi sai su farka su yaɗu su zuba guba, gubar kuma ko kin sake turarawa ko kin soya tana nan, cikin awa ɗaya zuwa biyar mutum ya fara amai. Sau da yawa ba wari ba yauƙi ba canjin ɗanɗano, shi ya sa in aka dawo daga biki ana amai sai a ce miyan ce ko zoɓo, wasu ma su ce sammu. Tuwon shinkafa da dafa-duka da dambun shinkafa duk hukuncinsu ɗaya. Ƙwayar cuta ta biyu ita ce Clostridium perfringens, ita kuma babbar tukunyar nama da farfesu take so, a wajen digiri 43 zuwa 47 cikin mintuna kamar goma take ninka kanta, sai cikin dare ko washegari gudawa da murɗar ciki su tashi.

Saboda haka abinci da zafinsa zai shiga, daga wuta kai tsaye, kuma obin ɗin ya riga ya ɗau zafi. Wurin ɗumin nan ba na ɗumame ba ne fa, in kika ɗauko miya daga firij kika sa a 70 za ta daɗe tana rarrafe a cikin lambobin nan masu haɗari, ki fara tafasa ta ko ki turara a 100 har tsakiya ya kai 75 sannan ki sauke lambar.

Azahar zuwa isha'i kuwa, ta ɓangaren lafiya in bai sauko ƙasa da 60 ba babu matsala, daɗin ne zai ragu. Tuwo da alale da dambu da farfesu suna jurewa. Shinkafa bayan awa biyu zuwa uku sai ta fara caɓewa, ki rufe tiren kuma ki sauke ta tun da ɗan saura. Miyan ganye irin alayyafo launin zai mutu, gara ki ajiye miyan ba ganye ki zuba shi dab da ɗauka.

Na subid kuma in ƙara kan abin da Shef ya faɗa, ƙananan lambobin nan suna kashe ƙwayoyin cuta amma da sharaɗin lokaci. Salmonela ta kaza a 74 nan take take mutuwa, a 60 kuwa sai tsakiyar naman ya kai 60 ɗin sannan ya zauna a haka wajen rabin awa, shi ya sa ba a yanke lokaci wai don ana sauri. Abin da ke ƙasa da 55 kam ke mai sayarwa ki bar shi gaba ɗaya, ba ki san wa zai ci ba, akwai masu ciki da mai jego da yara da tsofaffi. In kin dafa don gobe ne kar ki bar ledar ta huce a kan tebur, ciki ba iska kuma akwai ƙwayoyin da haka suke so, ki tsoma ta a roba rabi ƙanƙara rabi ruwa kamar awa ɗaya, sai firij mai sanyin gaske.

In an ɗauke wuta kar ki buɗe ƙofa, ki dubi agogo. 'Yan mintuna aka tada janareta ba komai. Amma in kin tarar da obin a mace ba ki san tun yaushe ba, ma'auni kuma ya nuna 40 da wani abu, wannan naman ba na ci ba ne, na san da ciwo ga tsadar nama amma a zubar.

Injiniya Abban Sultan, Pantami:

Salam. Ni girki ba fannina ba ne ci kawai na iya, amma kayan wuta aikina ne. Hajiya kafin komai ki duba bayan obin ko bakin ƙofarsa akwai 'yar takarda da aka manna. Tunda daga Jamus ya zo bolt 230 ne daidai da namu, kin huta. Masu 'yan uwa a Amurka nake ja wa kunne, na kan tebur na can bolt 120 ne, ana soka shi a soket ɗinmu ya tashi aiki.

Sai ki ga wat nawa aka rubuta. Na kan tebur yawanci wajen 2000 ne, na jikin bango kuma 3000 ko fiye. Soket ɗinmu mai ƙafa uku am 13 ne, iyakarsa kenan wajen wat 3000, in naki ya kusa haka a ja masa layinsa daban da waya mai kauri da birekarsa, kuma a tabbatar akwai wayar ƙasa don abu ne mai ruwa da ƙarfe. Ban da ekstenshin ɗin kasuwa, narkewa zai yi. Ƙaramin janaretan nan na wat 900 ba zai ɗaga shi ba, sai mai 3.5kVA zuwa sama, in da firiza a kai ma 5kVA.

Sauƙin da ke ciki shi ne ba koyaushe yake jan wannan wutar ba, da farko ne yake ja da ƙarfi har ya kai lambar daga nan sai ya riƙa kamawa yana saki, riƙe 65 ba ya cin abin da gashin burodi a 200 ke ci. Mai sola da inbata mai ƙarfi zai iya yin kaza ta awa biyu da rana tsaka lokacin da fanel ke kawowa. Amma girkin awa 24 da kike gani a bidiyo na ƙirjin sa da haƙarƙari ni shawarata ki manta da shi, ko 'yan Band A, masu layin da ya fi samun wuta, awa 20 ne ƙa'idarsu a rana, saura huɗu fa, kuma da yawa daga obin ɗin nan in wuta ta yanke ba sa ci gaba da kansu sai an zo an sake dannawa. Ki gwada naki ba komai a ciki, ki kashe daga bango ki kunna ki ga halinsa tun kafin ki sa naman mutane. Nama mai tauri ki ba tukunyar furesha a kan gas ƙasa da awa ɗaya ta gama. Wuta mara ƙarfi da mai hawa da sauka kuma su ke kashe allon kwamfutar ciki, wanda samunsa a nan sai an yi oda, ki sa masa sitabilaiza babba.

Ruwa ma ki kula. Ki leƙa cikin butar lantarkinki, in kin ga farin abu ya daskare a gindi toh shi ne zai toshe hanyar tururin, ruwan borehol da na rijiya sun fi yin haka. Obin ɗin yana da shirin wanke wannan kuma zai nuna miki in lokaci ya yi, ki sa maganin da littafinsa ya ce don kamfanoni da yawa sun hana binega. Tataccen ruwa irin na batir ma wasu sun hana wasu shi suke so, littafin ne alƙali, in da Jamusanci yake ki sa lambar samfurin a intanet za ki samu na Turanci. Tankin ɗan lita ɗaya ne da wani abu, a doguwar dahuwa yana ƙarewa obin ya tsaya yana kuka, ki cika kafin ki fara. In an gama a zubar da saura a goge ciki a bar ƙofa ya sha iska.

Wani abu da ba a cika sani ba, Bauchi a kan tudu take, wajen mita 600 sama da teku, ruwa a can yana tafasa ne a kusan 98 ba 100 ba. Irin waɗannan obin da yawa suna auna wannan ne ranar da aka fara kunna su, naki kuwa a wani gari ya auna, ki duba littafin yadda ake sake saita shi. In ba a yi ba za ki ga yana ta fesar da tururi yana shanye ruwa yana neman 100 ɗin da ba zai samu ba.

Maman Ikram:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya ƙara ilimi. Goggo na ji, ba za a ji sunana a gari ba in sha Allah, a 65 zan tsaya. Injiniya na duba wat 2900 aka rubuta, mai gyaran wutanmu zai zo ya ja layi, kuma na yi gwajin kashewa bai ci gaba ba kam, har agogo sai da na sake saitawa. Anty Malama na samu ma'aunin a wani shagon kayan kek ta wajen Wunti, na gwada da tuwon dare obin yana 75 na soka tsakiyar malmala ya nuna 71 bayan isha'i, kuma laushinsa na nan, maigida bai ma gane tun la'asar aka kwashe ba. Ƙirjin kaza ma na yi a 64 na ƙarasa kan gawayi, yara sun cinye kafin na ɗau hoto. Amma fa har yanzu ba wanda ya amsa min maganar masa, Shef kai nake jira.

Shef Baban Amira:

Masa kam ita da tururi ba sa shiri Hajiya. Daɗin masa ai gefen nan ne mai ƙaras-ƙaras da ya sha mai a tanda, minti goma a tururi ya tafi ta yi laushi tiɓis. Haka ƙosai da sambusa da funkaso da soyayyar kaza. In ya zama dole ki kashe tururin gaba ɗaya, busasshen zafi a 80, ki jera su kan raga ba a tire ba, layi ɗaya, kar ki rufe, kuma kar su wuce awa ɗaya don daga nan bushewa za su fara. Matsalar ita ce obin ɗaya ba zai yi miki tururi a sama busasshe a ƙasa ba, ranar da kike da tuwo da masa tare sai ki zaɓa. Da ni ne tuwo ya tafi kular Goggo tunda shi yana jurewa, shinkafa da miyan taushe su shiga obin, masa kuma ki ajiye ƙullunki sai ɗan aike ya bugo ya ce ya taso sannan ki ɗora tanda. Wadda ta kwana a firij kuma ki sa ta a 160 da tururi kaɗan kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, minti shida zuwa takwas har zafi ya ratsa ciki, tururin zai tausasa tsakiya zafin ya dawo da gefen.

Af, tunda maganar ƙullu ta shigo, ki duba allon da kyau za ki ga wani wuri na kumbura ƙullun burodi. Lokacin hunturu da ƙullun masa ke ƙin tashi ki sa shi a 30 zuwa 35, ki rufe robar, kuma ki nemi roba mai fili sosai don zai taso fiye da yadda kika saba.